Kafin Ka Sayi Sabuwar Laftof Don Nazarin Taurari, Tsaya Ka Ji

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda ba su samu damar saurara ba.

Wata 'yar'uwa mai karatun fiziks ta turo min saƙo, ta ce tana son ta riƙa buɗe ainihin hotunan madubin hangen nesa na James Webb da kanta, amma an ce mata sai da kwamfuta ta miliyoyi, har ta fara tunanin cin bashi. Malama, kar ki ci bashin nan tukuna.

Hotunan da kuke gani masu launi a Facebook ba su ne masana ke aiki da su ba. Asalin bayanan suna zuwa ne a wani nau'in fayil da ake kira FITS, wanda ake amfani da shi tun 1981. Bayanan Hubble da na Webb suna rumbun MAST da ke Baltimore a Amurka, kuma duk wanda aka saki ga jama'a kyauta ake sauke shi. To tambayar farko ita ce, me kike son yi da fayil ɗin?

In kallo ne da auna hasken tauraro, manhajar SAOImage DS9 ta isa. Kyauta ce, ba ta da nauyi, tana aiki a Windows da Mac da Linux. In kina son lissafi kuma, sai Python da Astropy. Shawarata a nan, ki sauke Miniconda, kar ki ɗauko Anaconda gaba ɗayanta, don ita tana tafe da tarin kayan da ba za ki taɓa buɗewa ba, ga cin gigabait. Ki buɗe wa aikin ɗakinsa daban da umarnin conda create, ki zuba astropy da matplotlib a ciki. Amfanin ɗakin nan shi ne, ranar da abu ya rikice, kuma zai rikice, sai ki goge shi ki sake wani ba tare da kin taɓa sauran kwamfutar ba.

Yanzu bari in ba ku labarin wautar da na yi. Na ce ni sai na tace ɗanyen bayanan Webb da hannuna, da manhajar da su masanan ke amfani da ita. Kwana uku ina fama a Windows, jan rubutu sai fitowa yake, ni kuma ina ta zagin laftof ɗina wai ta tsufa. Ashe baiwar Allah ba ruwanta. Manhajar ce aka gina don Linux da Mac. Haka CASA ta bayanan rediyo na ALMA, haka CIAO ta madubin Chandra, duk ba su san Windows ba. Kun ga da na je na sayi sabuwar kwamfuta mai Windows, da kuɗina sun tafi, matsalar tana nan daram.

Maganin kuwa kyauta ne. Windows 10 da 11 suna da WSL, wanda ke zaunar da Ubuntu a cikin Windows ɗinka. Umarni ɗaya ne, wsl --install. In ya ƙi, yawanci virtualization ne ba a kunna ba a BIOS.

Da na wuce nan sai na faɗa rami na biyu. Manhajar tace bayanan Webb ba ta aiki sai da fayilolin gyara daga wani tsari mai suna CRDS, kuma da kanta take sauke su ba sallama. Na kwanta na bar ta tana aiki, da safe na tarar datata ta wata guda ta ƙare tas. Abin haushin, MAST na ba da hotunan da aka riga aka tace, masu ƙarewa da i2d.fits. Mai koyo daga nan ya kamata ya fara.

Batun RAM kuma, mu yi lissafi. Na'urar ɗaukar hoto guda a kyamarar NIRCam ɗigo 2048 sau 2048 ce, wato ɗigo miliyan huɗu da 'yan kai. Kowane ɗigo bait huɗu, ya zama kamar megabait 16. Ba wani abu ba ne, ko? Amma kyamarar tana da irinsu goma, kowane fayil na ɗauke da shafuka da yawa, Python kuma tana yawan kwafar hoto yayin lissafi. A nawa ganin, gigabait 8 ya isa koyo, 16 sai a sarara. Mai 4 zai buɗe DS9, amma da haƙuri.

In akwai ɗan kuɗi, a sa SSD a ƙara RAM, ya fi sauya kwamfuta. Katin hoto na masu wasan gem ba dole ba ne. Sai batiri mai riƙe caji, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar girka manhaja, sau da yawa sai an koma farko. Wanda ke da waya kawai ko tsohuwar kwamfuta, Google Colab na ba ka Python ta burauza, kuma in ka sauke fayil a can, injinsu ne ke jan nauyin ba datarka ba.

Don haka Malama, ki duba RAM ɗin laftof ɗinki ki turo min. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu buɗe hoton Carina da Webb ya fitar a Yulin 2022, tare, a DS9. Ku sauke ta kafin nan. Sai mun haɗu.