Lissafin Gauraye: Darasi Daga Bakin Kasuwa



Shekarun da muka yi muna riƙe da alli sun nuna mana cewa yaranmu kan firgita da zarar an ambaci aljabara. Suna ɗaukar ta baƙuwa, alhali sunanta ya fito ne daga littafin da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda ya tanadi hanyoyin warware matsalolin ciniki da rabon gado. Bari mu kawo misali guda daga kasuwa.

A ce ɗan kasuwa yana da shinkafa iri biyu: mai kyau, mudu naira 3,000, da matsakaiciya, mudu naira 2,000. Yana son ya gauraya mudu 50, kowane mudu ya tsaya masa a naira 2,400. Mudu nawa zai ɗiba daga kowace?

Da farko, kuɗin gaurayen gaba ɗaya shi ne 50 sau 2,400, wato naira 120,000. Sai mu kira adadin mai kyau x, na matsakaiciya kuwa ya zama 50 − x. Kuɗin biyun in an haɗa dole ya yi daidai da na gaurayen:

3,000x + 2,000(50 − x) = 120,000

Idan aka warware, 1,000x ya zama 20,000, ke nan x shi ne 20. Amsa: mudu 20 na mai kyau, 30 na matsakaiciya. Littattafan Amurka da laba suke wannan awo, amma ko laba ko mudu, ƙa'idar ɗaya ce.

Wanda kuwa ya yi kirdado ya zuba rabi da rabi, mudunsa zai tsaya a naira 2,500. Ya ƙara wa kansa naira 5,000 ke nan bai sani ba. Ta haka jari kan zurare kamar ruwa a kwando.

Saboda haka muna roƙonku, kafin ku aika wa ƙannenku jari gida, ku gwada su da wannan tambaya. Ku kuma gargaɗe su su riƙa shaida wa mai saye cewa kayan gauraye ne, domin ɓoyewa algus ne, kuma lissafi ba ya wanke algus.

Allah ya yi mana jagora. Wassalam.