Hurumin Jikin Ɗalibi: Jawabi ga Malaman Gwarzo da Kabo

Waɗanda suka taso daga Getso da Kutama da Lakwaya, da na Garo da Durun, muna yi muku sannu da hanya.

An saba a irin wannan zama a yi batun albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho, kuma za a yi shi in lokacinsa ya zo. Mu dai mun roƙi 'yan mintoci ne domin mu yi magana a kan wani ɗan fili da ba ya cikin taswirar kowace makaranta, wato tazarar da ke tsakanin fatar yaro da iyakar inda hannunsa yake kaiwa. Masana ƙwaƙwalwa suna da sunan da suke kiransa. Mu za mu ce masa hurumin jiki, domin kamar hurumin gari yake: ba cikin ganuwa ba ne, ba kuma daji ba ne, amma duk abin da ya shigo shi sai masu gari sun san da zuwansa.

Harshenmu ya riga ya ba mu haske a kan batun. Bahaushe yana jin magana, yana jin sanyi, yana jin ƙanshi, yana jin daɗin miya, duk da kalma ɗaya. Gani kaɗai ya ware, har ya ce gani ya kori ji. To, a cikin hurumin nan ƙwaƙwalwa ba ta yarda da wannan rabuwa ba. A shekarar 1981 Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa a Jami'ar Parma ta Italiya suna nazarin ƙwaƙwalwar birai, sai suka tarar da wasu ƙwayoyin jijiya masu aiki biyu. Ƙwaya ɗaya takan motsa idan an taɓa fuskar birin, ita ce kuma takan motsa idan ya ga wani abu ya matso kusa da wannan gefen fuskar, tun bai taɓa shi ba. Da an ja abin nesa sai ta yi shiru. Daga baya Michael Graziano da Charles Gross a Jami'ar Princeton ta Amurka suka faɗaɗa binciken, har a 1999 aka nuna cewa wasu daga ƙwayoyin nan suna amsa ƙarar da ta taso kusa da kai. Da aka zuga wannan sashe na ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki, sai birin ya runtse ido, ya kawar da kai, ya ɗaga hannu ya kare fuska, alhali babu abin da ya nufo shi.

Ashe ke nan ido da kunne da fata suna da majalisa ɗaya, kuma babban aikin majalisar shi ne tsaron jiki. Ba ta jiran tunani. Shi ya sa mutum yake kauce wa ƙudan zuma tun bai tantance mene ne ba.

Wani abin mamaki shi ne hurumin ba shi da tsayayyar iyaka. Tun a 1911 likitoci biyu na Ingila, Henry Head da Gordon Holmes, suka lura cewa sanin da mace take yi wa jikinta yakan kai har ƙarshen gashin tsuntsun da ke kan hularta. Mu ba sai mun je Ingila ba. Dattijo mai rawani yana sunkuyawa a ƙofar zaure daidai gwargwado, bai auna ba. Yarinya mai tulu a ka ta san inda reshen darbejiya zai taɓa shi. Ɗan acaɓa yana kutsawa tsakanin motoci biyu a tashar Gwarzo kamar babur ɗin haƙarƙarinsa ne. A 1996 Atsushi Iriki na ƙasar Japan ya nuna tushen wannan. Ya koya wa birai jawo abinci da ɗan manjagara, sai ya ga bayan 'yan mintoci na aiki da shi, ƙwayoyin da a da suke lura da kewayen hannu kaɗai sun koma lura har zuwa bakin manjagaran. Riƙe shi kawai ba ya haifar da haka. Sai an yi aiki da shi.

A nan za mu ɗan dakata, domin wannan ya shafi sana'armu kai tsaye. Fartanya a hannun manomi, allura a hannun mai ɗinkin hula, alƙalami a hannun almajiri, dukansu sun zama gaɓa ne ta hanyar maimaici. Yaron aji ɗaya da yake riƙe fensir kamar taɓarya, yana danna shi har takarda ta huje, ba dolo ba ne. Fensirin ne bai riga ya shiga hurumin hannunsa ba, kuma ba zai shiga ta hanyar kallon malam yana rubutu a allo ba. Sai ya zana a ƙasa da yatsa, ya ja layi da tsinke, ya riƙe alli, ya ɓata takarda. Makarantar allo ta daɗe da gane haka, inda yaro yake rungume da allonsa, yana bin baƙi da yatsa, bakinsa yana faɗa, kunnensa yana ji. Ido da kunne da hannu sun taru a wuri ɗaya, cikin kamu guda daga ƙirjinsa. Mu kuwa a makarantar boko sau da yawa mukan kai ilimin can jikin bango, mu bar hannuwan yara a naɗe.

Haka batun yake ga makafi. A 2007 Andrea Serino da abokansa a Italiya sun gwada masu gani da sandar makafi. Bayan ɗan horo huruminsu ya miƙe zuwa bakin sandar, amma da suka ajiye ta na wani lokaci sai ya koma yadda yake. Makafin da suka daɗe da sanda kuwa, da zarar sun riƙe ta hurumin ya miƙe. Saboda haka idan aka kawo mana yaro mai lalurar gani, kafin ya samu gurbi a makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano, kada a karɓe sandarsa a jingine a lungu da sunan gyara aji. Kada kuma a riƙa sauya masa wurin zama.

Yanzu sai mu zo inda gizo ke saƙar. Abin da za mu faɗa daga nan fahimtarmu ce ta malamai, mun ɗora ta a kan abin da masanan suka gano. Kowannenmu ya san yaron da, idan malam ya ɗaga hannu zai gyara hula, sai ya duƙe ya kare kansa. 'Yan aji su yi dariya. Wannan motsi shi ne wanda Graziano ya gani a jikin biri, kuma yaron bai zaɓe shi ba. A 2013 Chiara Sambo da Giandomenico Iannetti a Landan sun auna ƙiftawar ido ta kariya, suka ga tana ƙara ƙarfi idan barazanar ta shigo tsakanin santimita 20 zuwa 40 daga fuska, kusan taƙi ɗaya zuwa biyu ke nan. Suka kuma ga cewa mutanen da suka fi fargaba, iyakarsu ta fi nisa. Mai tsoro tun daga nesa yake fara kare kansa.

To, mu dubi malamin da ya tsaya a kan yaro, bulala tana lilo a gefen kunnensa, ya ce masa karanta. Idon yaron yana kan takarda, amma majalisar tsaron nan tana kan bulalar, kuma ita ba ta neman izini kafin ta ja hankali. Yaron da ya iya jiya sai ya kakare yau, malam ya ɗauka taurin kai ne, ya ƙara matsowa. Ba mu zo yin muhawara a kan tarbiyya ba, mun san ra'ayoyi sun bambanta a zauren nan. Abin da muke cewa shi ne, a lokacin da ake son yaro ya karanta ko ya yi lissafi, hannu a ɗage a cikin huruminsa kishiyar darasin ne. Malam ya zo ta gefe, inda yaro yake ganinsa, ya rage tsawo, ya nuna da yatsa a kan takarda. Ya guji zuwa ta baya ba zato, domin ƙara a bayan kai tana tayar da wannan tsaro ko da ido bai ga komai ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin malam shi kaɗai. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Kowa a nan ya san adadin da ke cikin rajistarsa. Tun da aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a Jihar Kano a 2019 yara suka ƙaru, wanda abin farin ciki ne, amma bencin mutum uku bai ƙara tsawo ba. Yaron da gwiwar wani ke cikin haƙarƙarinsa, ƙafar wani ke bayansa, numfashin wani ke wuyansa, huruminsa a cike yake tun daga safe har tashi. Yawancin faɗan da muke rabawa na ya taɓa ni, ya ture ni, daga nan yake tasowa. Gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, saboda haka ƙofar magana a buɗe take. Idan ƙungiya za ta nemi benci da ƙarin ajujuwa, to kada a ɗauke shi batun jin daɗi. Batun koyo ne.

Ga malaman kimiyya, akwai gwajin da Matthew Botvinick da Jonathan Cohen suka wallafa a 1998, wanda ba ya buƙatar ɗakin gwaji. A cusa tsumma a safar hannu ta roba, a ajiye ta a gaban ɗalibi, a ɓoye hannunsa na gaske a bayan kwali. Sai a riƙa shafa yatsun safar da nasa yatsun da burushi biyu, a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya. Bayan minti ɗaya ko biyu mutane da yawa sukan ji kamar shafar daga safar take fitowa. A nan kam gani ya kori ji. Idan aka saɓa lokacin shafar, ruɗin yakan ragu ƙwarai, kuma ya kamata ɗalibai su gwada duka biyun su rubuta abin da suka samu.

Roƙonmu ga wakilan makarantu shi ne, kafin zama na gaba kowa ya ƙirga yara nawa ne a kan kowane benci a ajinsa, nawa ne kuma a ƙasa, ya miƙa wa sakataren reshe a rubuce, domin a haɗa alƙaluman a kai wa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin biyu.