Uban Biki Ya Ɗanɗana

Karatu: Yohanna 2:1-11

Muna gaishe ku na Mabai, da na Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa, har da waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu.

A Kana ta ƙasar Galili aka yi wani biki. Bikin Yahudawa yakan kai kwana bakwai, ana ci ana sha, duk a wuyan ango. Ana cikin haka ruwan inabi ya ƙare. Akwai tuluna shida na dutse a wurin, kowanne yana cin kimanin lita 80 zuwa 120. In an haɗa, kusan jarka 20 zuwa 30 ke nan ta masu kurar ruwa. Yesu ya sa barori su cika su da ruwa, su ɗiba su kai wa uban biki. Shi kuwa ya ɗanɗana, ya kira ango, ya yi mamaki da aka ɓoye mai kyan sai a ƙarshe.

Mu lura da mutumin nan. Ɗanɗano aikinsa ne, harshensa ya san abin da yake yi. Ruwan inabi mai kyau ba ya samuwa da garaje. Kurangar inabi takan yi shekara uku ko huɗu kafin ta ba da 'ya'yan kirki. A tsinke su, a tattake da ƙafa a wurin matsewa, a bar ruwan tare da ɓawon, gama daga ɓawon ne jan yake fitowa, sa'an nan a ajiye ya kwana biyu. Har wa yau a Bordo ta ƙasar Faransa, inda tun 1855 aka jera manyan gonakin inabi daraja daraja, gwani yakan dubi launi, ya sunsuna, ya kurɓa kaɗan, ya faɗi irin damina da ranar da inabin ya sha. Suna rubuta shekarar girbi a jikin kwalba, don shekaru ba ɗaya ba ne. Manominmu ma ya san haka, in ya tauna ƙwayar dawa yakan gane ko ruwa ya ɗauke mata da wuri.

To, wannan da aka miƙa wa uban biki ba shi da gona, ba shi da shekara. Ɗazu ɗazu ruwan wanke hannu ne. Gwanin ya yaba, ya kuwa yi gaskiya, amma bai san inda ya fito ba. Barorin da suka sha ɗawainiyar ɗiban ruwa su ne suka sani.

A nan bari mu ɗan ratse. Mun sha jin waɗansu suna kafa hujja da wannan sura don su zauna gindin tukunyar burkutu. Su buɗe Karin Magana 23:29-35, su ga gargaɗin da aka yi wa mai ƙura wa jan ruwan inabi ido, su kuma karanta Afisawa 5:18. Wanda ya auna dawar 'ya'yansa ya kai gidan giya, kada ya ce daga Kana ya koyo.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne yadda Maryamu ta yi. Ta ga abin kunya yana shirin auka wa gidan nan. Ba ta raɗa wa matan da ke kusa da ita ba. Ta tashi ta gaya wa Yesu, ta ce wa barori su yi duk abin da ya faɗa musu. Aka rufa wa ango asiri, har yabon ma shi ya sha.

'Yan'uwa, mun san halin da ƙasarmu ta shiga. Ba mu manta da Disambar 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Akwai gonakin da aka bari ba noma, akwai magidantan da suka sayar da shanun huɗa suka fanshi nasu. Duk da haka 'ya'yanmu suna aure. Mai rumbu biyar a dā, yanzu da tiya yake awo a garin da ba nasa ba, ga kuma 'yarsa ta isa. Mu kuwa mukan je bikin, mu kurɓi zoɓo mu ce ba sukari, mu leƙa kwano mu ƙirga nama, mu koma gida da labari. Mun iya aikin uban biki sarai. Uban amarya yana ji, gobe ya je ya ci bashin da zai shekara yana biya.

Kafin biki na gaba a ikilisiyarmu, dattawa biyu su je gidan da dare, su tambayi mai gida abin da ya rage, ba tare da an yi sanarwa a majami'a ba. Zumuntar mata su ɗauki gero da itace su shiga ta ƙofar baya, matasa su cika randuna.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi gidajen da abin hannunsu ya ƙare, ka rufa musu asiri. Ka komo da waɗanda ke hannun 'yan bindiga. Cikin sunan Yesu muke roƙo. Amin.