Ƙugiyar da ta tona asirin mai rajista

Yau hirar ta masu rubuta kod ce, amma wanda bai taɓa buɗe kwamfuta ba ma ya tsaya, don abin ya shafi bayanan mutane.

A bara ƙungiyarmu ta shirya horon koyon sana'a ga matasa, muka gina shafin rajista da React. Kun san yadda netwok yake a wajenmu, mutum na tsakiyar cike fom sai ya ɗauke, komai ya tafi. Sai na rubuta abin da masu React ke kira hook, mu mu ce ƙugiya. Wani ɗan guntun kod ne da ke riƙe bayani da halinsa, ka rubuta shi sau ɗaya ka rataya shi a duk shafin da kake so. Tun React 16.8 da ya fito a Fabrairun 2019 ake da wannan tsari. Tawa ƙugiyar aikinta ɗaya: duk abin da ka rubuta, ta jira rabin daƙiƙa ta ajiye shi a localStorage na burauza, idan ka tura fom ɗin kuma ta goge. Muka sa ta a fom ɗin rajista da na ƙorafi da na neman tallafi.

Kwana uku da buɗewa wata baiwar Allah ta kira ni. Ta ce ta ari wayar maƙwabciyarta za ta yi rajista, tana buɗe shafin sai ga sunan maƙwabciyar da lambarta da dalilin da ta rubuta na neman tallafi, har da maganar rashin lafiyar mijinta. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. A unguwanninmu waya ɗaya mutum huɗu ke amfani da ita, ni kuma ban kawo wannan a raina ba.

Abin da ya faru shi ne, idan mutum ya rubuta harafin ƙarshe ya danna turawa kafin rabin daƙiƙar nan ta cika, gogewa tana gudana, sannan agogon da ke jira ya buga ya sake rubuta bayanin. Ni da nake gwadawa da hannu, a hankali nake yi, shi ya sa ban taɓa ganinsa ba. Kuma tunda ƙugiya ɗaya ce, fom uku ne suka kamu lokaci guda.

To ya ake gwada ta? Ƙugiya ba ta yarda a kira ta haka kawai kamar sauran kod, dole sai a cikin ɓangaren shafi. Don haka ake amfani da renderHook, wanda yake ƙirƙirar ɓangaren shafi na wucin gadi ya ɗora ta a ciki. Da a wani kunshi daban yake, amma tun 2022, bayan fitowar React 18, ya koma cikin React Testing Library kanta. Idan ka ga darasi a YouTube yana ce maka ka sauke tsohon kunshin, duba shekararsa tukuna.

Ga yadda na yi. Na kira renderHook, ya ba ni result.current, nan ne halin ƙugiyar na yanzu yake. Duk abin da zai canza hali sai na naɗe shi cikin act, don React ya gama aikinsa kafin in duba. Na kunna agogon bogi na Jest da useFakeTimers, na rubuta suna, na kira gogewa nan take, sannan na tura agogo gaba da advanceTimersByTime daƙiƙa ɗaya. Na duba localStorage. Sunan na nan daram. Gwajin ya faɗi, kuma faɗuwar nan ita nake nema, don ta nuna min gwajin yana ganin cutar da gaske. Gyaran layi biyu ne: clearTimeout a wajen gogewa, da kuma cikin sharar useEffect idan an rufe shafin.

Kar ku manta ku share localStorage tsakanin gwaji da gwaji, in ba haka ba na farko zai gurɓata na biyu, ku wuni kuna neman kuskuren da babu shi.

Akwai masu cewa ka gwada fom ɗin gaba ɗaya yadda mai amfani zai taɓa shi, ka rabu da ƙugiyar. Ina tare da su idan waje ɗaya take aiki. Amma wadda shafuka uku suka rataya a kanta, ni dai ina ba ta nata gwajin daban.

Maƙwabciyar kuwa, da ƙafata na je gidanta na ba ta haƙuri, na goge bayanin a wayar a gabanta.

Mako mai zuwa za mu duba ƙugiyar da ke ɗauko bayani daga intanet, da yadda waitFor ke aiki. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu.