Ba sanyi ke kashe keke ba, gishiri ne

Yau maganar keke za mu yi, amma keke a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba. In kana shirin tafiya karatu Ingila, Jamus, Kanada ko Finland, ko kana da ɗan'uwa a can da ke kai wa mutane abinci a kan keke, to ka gyara zama. Mai wannan sana'a kekensa ne jarinsa. Ranar da keke ya kwanta, ranar aljihu ma ya kwanta.

Bari mu fara da wani gari mai suna Oulu a arewacin Finland, mai mutane wajen 200,000. A nan aka yi taron farko na duniya kan hawan keke lokacin sanyi, a shekarar 2013. A 2019 kuma wani ma'aikacin tsara birane mai suna Pekka Tahkola ya saka hoton harabar makarantar Metsokangas a intanet, kekuna jere a cikin dusar ƙanƙara iya ganinka. Cikin ɗalibai kusan 1,200, wajen 1,000 a keke suke zuwa, alhali ranar sanyi ya kai digiri 17 ƙasa da sifili. Yara fa, ba 'yan tsere ba.

To me ya sa kekunansu ba sa ruɓewa? Saboda a irin wannan sanyi komai a bushe yake. Dusar kamar garin fulawa take, ka kakkaɓe ta zube. Kuma a Oulu galibi share hanyoyin keke ake yi, a bar 'yar shimfiɗar dusa da aka danne ta yi tauri, taya na kama ta sosai.

Inda matsala take shi ne garuruwan da sanyinsu ke wasa kusa da sifili, yau ƙanƙara gobe narkewa, irin na Ingila da Jamus. Can hukuma na watsa gishiri a titi. Dalili? Ruwa zalla yana daskarewa a digiri sifili, amma in ya haɗu da gishiri sai sanyi ya fi haka kafin ya daskare. Dabarar na aiki sosai har zuwa wajen digiri 10 ƙasa da sifili. Motoci sun huta da santsi, amma titi ya koma kunun ruwa da gishiri da yashi. Taya ta kwaso wannan kunu ta watsa wa sarƙa, birki da haƙoran giya. Ruwan gishiri kuwa yana gaggauta tsatsa. Ka ajiye keke da daddare da sarƙa jiƙe, da safe ka tarar ta fara ja. Shi kuma yashin ya gauraya da mai ya riƙa cin ƙarfe a hankali kamar magagari.

Maganin bai kai ciwon tsada ba: tsumma da minti biyar, duk ranar da ka dawo daga jiƙaƙƙen titi. Ka kama sarƙa da busasshen tsumma, ka juya feda baya-baya har sarƙar ta zagaya sau biyu ko uku. Ka goge gefen wili inda robar birki ke kamawa, don yashin da ya maƙale a wurin yana cinye robar da wilin gaba ɗaya. Sannan sau ɗaya a mako ka yi masa wanka: bokiti, ruwa mai ɗumi, ɗan sabulu da buroshi. Ka ɗauraye, ka goge ya bushe ƙarau kafin ka fita da shi.

Abu ɗaya da zan roƙe ku: kar ku kai keke wajen injin wankin mota mai feshi da ƙarfi. Ƙarfin ruwan yana kutsawa cikin boris na wili da na feda, ya kore giris, ya bar ruwa a ciki. Waje fes, ciki kuwa ɓarna.

Sai batun mai. A shagunan keke za ka ga man sarƙa iri biyu: mai kauri na lokacin jiƙa, da mara kauri na lokacin bushewa. A titin gishiri mai kaurin ake so, don ruwa ba ya saurin wanke shi. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda, ka bari ya shiga, sai ka goge na waje tas. A cikin gaɓa mai ke aiki. Wanda ya rage a waje datti kawai yake gayyata. WD-40 na yau da kullum yana korar ruwa, amma ba ya daɗewa a sarƙa, don haka bayan shi sai ka sa mai na gaske. In kuma birkinka mai faifai ne, kar ɗigon mai ko ɗaya ya taɓa faifan, domin birki zai daina kamawa.

Ta yaya za ka san sarƙa ta gaji? A sabuwar sarƙa, tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne. Ka ɗora ruler a kan ƙusa ɗaya, wata ƙusar za ta faɗo daidai kan inci 12. In ta wuce da kamar milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. Ka yi jinkiri, tsohuwar sarƙa ta cinye haƙoran giya, kuɗin gyara ya ninka.

Wurin ajiya ma akwai tarko. Ka shigo da keke mai dusa cikin ɗaki mai ɗumi, dusar ta narke, ruwa ya gangara cikin robar da wayar birki ke bi. Da safe ka fita cikin sanyi, ruwan ya daskare, ka damƙe birki ka ji shi kamar dutse. Saboda haka ɗayan biyu: ko ka bar keken a rumfa mai sanyi amma busasshiya, ko in ka shigo da shi ka bari ya bushe gaba ɗaya. Kuma kullum ka gwada birkin gaba da na baya tun a ƙofar gida, kafin ka hau titi.

Taya fa? Iska tana tsukewa a sanyi. In ka buga iska a ɗaki mai digiri 20 ka fita cikin 10 ƙasa da sifili, ƙarfinta zai ragu da kamar kashi ɗaya cikin goma. Ɗan laushi ba laifi ba ne, yana ƙara kamun ƙasa, amma ka riƙa dubawa. Inda ƙanƙara ke daskarewa kamar gilashi, akwai tayoyi masu 'yan ƙusoshin ƙarfe. Kamfanin Schwalbe na ba da shawarar a fara tafiyar kilomita 40 da su a kan kwalta, a hankali, don ƙusoshin su zauna daram. In kuɗin taya ɗaya gare ka, sa ta a gaba. Ta baya in ta zame kana iya dire ƙafa, ta gaba in ta zame sai dai ka tsinci kanka a ƙasa.

Masu keken lantarki, ku saurara. Sanyi yana rage nisan da batir zai kai ka, amma wannan na ɗan lokaci ne. Ɓarnar da ba ta gyaruwa ita ce yi wa batirin litiyam caji alhali sanyinsa ya yi ƙasa da sifili. Cire shi, shigo da shi ɗaki, bari ya ɗumama, sannan ka jona.

Kar a manta da fitila. A Oulu a tsakiyar Disamba hasken rana bai kai awa huɗu ba. Fara a gaba, ja a baya, kuma ka riƙa goge su, don taɓo na rufe haske.

Mu na gida da ke fama da hunturu, namu akasin haka ne. Abokin gabarmu ƙura ce. Baƙin man inji da ake labta wa sarƙa yana kama ƙura ya zama abin da ke cin ƙarfe. A hunturu mai mara kauri ake so, kaɗan, sannan a goge. Tsumman dai shi ne bai canza ba.

Nan za mu dakata. In kana da wanda ke fafutuka a kan keke a ƙasar sanyi, tura masa wannan kafin a fara watsa gishiri. Mu haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.