Wainar Asabar Tun Juma'a Ake Jiƙa Ta

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobin kwamitin sana'o'i ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Hajiya shugabar ƙungiya, iyayenmu mata da ke zaune a sahun gaba, yayyena da ƙannena, da 'ya'yanmu da suka rako mu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana, ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan da su ba su kawo yau ba.

An ce in yi magana a kan abincin safe na ƙarshen mako. Na san wata za ta ce, yau ranar lissafin adashi da riba ce, me ya kawo zancen tukunya? To, ku yi haƙuri ku saurara, don a tukunyar ne kuɗin adashin yake ƙarewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, babu wadda ke zaune a nan da ba ta ji a jikinta ba wajen cefane. Gida mai mutum goma, a sayi burodi, a sayi madara da ganyen shayi da sukari, a haɗa da ƙwai ko taliyar yara, kafin azahar yaro ya dawo yana cewa Umma yunwa. Kuma burodin nan yawancin alkamarsa daga waje ake shigo da ita, dala ta motsa, shi ma ya motsa. Alhali ga shinkafa ana nomawa a Kura da Haɗeja, ga gyaɗa, ga kabewa, ga alayyafo a bakin ƙofa. Shi ya sa na zaɓi waina da miyar taushe.

A ranakun aiki ba na ganin laifin kowa. Yara na sauri su tafi makaranta, maigida na sauri, ke ma kina da taki sana'ar, abin da ya samu shi za a ci. Amma mako yana da Asabar da Lahadi. Ko da yaranki suna da Islamiyya da safe, akwai lokacin da suke dawowa. Ga kuma Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, da ba a fita a nan Kano sai ƙarfe 10. Ranar nan maigida yana gida, samari suna gida, ba mai uzurin tafiya ko'ina. Idan ba za ki iya kowane mako ba, ki riƙe wannan rana ɗaya a wata, a shimfiɗa tabarma da hantsi, kowa ya zauna a ci tare.

Hausawa suna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ita kuwa wainar Asabar tun Juma'a ake gane ta. Duk wadda ta tashi da safiyar Asabar sannan ta ce bari in yi waina, ta makara. Wannan shi ne abin da nake so ku tafi da shi gida, sauran duk bayani ne.

Mu fara da shinkafa. Shinkafar tuwo ake so, fara, mai laushi. Shinkafar dafawa wadda aka turara ba ta yin waina mai kyau, don an riga an dafa ta tun tana cikin ƙaiƙayinta, ƙullunta ba ya haɗuwa yadda ake so. Ga gida mai mutum goma, ki auna gwangwani 8. Ki tsince, ki rege saboda tsakuwa, ki wanke, ki jiƙa da hantsin Juma'a. Ta samu kamar awa 6 a ruwa. Sai ki ɗebi wani gwangwani 1 daban ki dafa shi ya yi luguf, kamar za ki tuƙa tuwo, ki bar shi ya huce. Dafaffiyar nan ita ce ke sa cikin waina ya yi taushi. In babu ita, waina takan fito da tauri, in ta huce kuwa sai ka ce ɗan dutse. In kuma ta yi yawa, sai ƙullun ya riƙa kama tanda, cikin ya ƙi soyuwa.

Bayan La'asar ki tsane shinkafar, ki haɗa ta da dafaffiyar da albasa babba guda ɗaya, a kai markaɗe. A nan ina roƙonku, kada a tura ƙaramin yaro shi kaɗai. A tura mai hankali da zai ce wa mai inji ya ɗauraye injinsa, don in an gama markaɗa kayan miya aka zuba shinkafarki, wainarki za ta fito ja da yaji. Sannan a ce masa kada ya cika ruwa. Ƙullu mai kauri kina iya sassauta shi da safe, amma wanda ya tsinke sai dai ki nemi garin shinkafa ki yi ta ceto.

Sai maganar tashi. Iyayenmu da ke gaba sun san lokacin da ba a sa yis. Ragowar ƙullun jiya ake zubawa, ko ɗan nono mai tsami, a rufe a bar shi ya kwana. Har gobe wannan hanya tana aiki, kuma wainarta ta fi ƙamshi. Mu na yanzu da yis muka saba. Ga wannan awo, babban cokali 1 ya isa. Ku sani yis abu ne mai rai. Yana cin zaƙin da ke cikin ƙullu, yana fitar da iska, iskar nan ce ke kumbura ƙullun ta bar 'yan ƙofofin da kuke gani in an ɓara waina. Ruwan zafi yana kashe shi, saboda haka da ruwa mai ɗumi-ɗumi za ki dama shi, ki sa masa ɗan sukari. Gishiri kuma yana rage masa ƙarfi, ki ajiye gishirinki sai da safe. Ki zuba ƙullun a roba mai girma, wadda bai wuce rabinta ba, in ba haka ba ki tashi ki tarar ya malale a ƙasa.

Yanayi ma yana da nasa hukuncin. Da hunturu yis yana yin nawa, sai ki sa shi tun dare, ki rufe robar, ki lulluɓe da tsohon zane, ki ajiye a cikin ɗaki. Da bazara kuwa, watan Maris zuwa Mayu, in kika sa cikakken awo tun Magariba, kafin gari ya waye ya yi tsami har ya faɗa. Lokacin nan ko dai ki rage yis ɗin zuwa rabi, ko ki bari sai kin idar da sallar Asuba ki sa, kafin hantsi ya tashi. Ba na cewa a dogara da firji, kun san halin wutarmu.

Da safe ki buɗe. In ya kumburo, yana 'yan ƙwayaye a sama, yana ƙamshin tsami kaɗan, to alhamdu lillahi. Ki sa gishiri, ki sa sukari kamar babban cokali 3. Tunda da miya za a ci, ba a so zaƙi ya yi yawa, amma kada a hana shi gaba ɗaya, don sukarin ne ke sa bayan waina ya yi ja. In tsamin ya fi ƙarfi, ki jiƙa 'yar kanwa, ki tace ruwan, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa. Kanwa tana kashe tsami, amma in ta zarce sai waina ta yi rawaya ta yi bauri. Mai son bakin hoda ta sa ƙaramin cokali 2 dab da za ta fara tuya. Sai ki buga ƙullun da ludayi sosai. Kaurin da ake so shi ne ya zubo daga ludayi a hankali, kamar kunu mai kauri.

Tanda kuma, ta ƙasa ko ta ƙarfe duk suna yi. Ta ƙasa a kan gawayi ta fi riƙe zafi daidai. Ta ƙarfe a kan gas ta fi sauri, sai dai gurbin tsakiya yakan fi na gefe zafi, sai kina lura kina juya tandar. In sabuwa ce, ki shafe ta da mai ki ɗora a wuta, ki soya albasa a kowane gurbi kafin ki zuba ƙullu. Ki bari tanda ta yi zafi, ki ɗiga man gyaɗa, ki zuba ƙullu kada ya cika gurbin. Wuta matsakaiciya. Wuta mai yawa tana ƙona baya ta bar ciki ɗanye, wuta kaɗan kuma waina ta sha mai ta yi nauyi. Kada ki yi gaggawar juyawa. In gefen ya kama, saman ya fara huhhujewa, sai ki sa cokali ki juya. Zubin farko in ya kama tanda kada ranki ya ɓaci, tandar ce ba ta gama ɗaukar zafi ba. Ki riƙa kwashewa kina sawa a kula mai murfi. Kuma don Allah a kawar da masu rarrafe daga wajen wuta.

Yanzu miya. Ita ma rabin aikinta na Juma'a ne. Ki tafasa nama da ƙashi mai ɓargo tun dare, da albasa da citta da daddawa. Ki fere kabewa ki yanka, ki soya gyaɗa sama-sama ki murje ki daka. Wajen gyaɗar nan ku tsaya ku tsince da kyau. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, a zubar. Irin wannan tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Da safe ki soya jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir da albasa a manja, ki juye ruwan naman, ki zuba kabewa ta dahu har ta narke, ki farfasa ta da ludayi. Sai gyaɗa ta shiga, ki rage wuta kina motsawa don tana kamu. Alayyafo da 'yar yakuwa su ne na ƙarshe, minti kaɗan ki sauke, ganyen yana kore. In wata ya yi nisa babu kuɗin nama, ƙashi kaɗai ya isa, gyaɗa da daddawa za su rufa asiri. In ma miyar ba ta samu ba, ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan mai sun fitar da ke.

Ku dubi abin da yaro ya ci a wannan kwano. Shinkafa ta ba shi ƙarfi, gyaɗa da nama suna gina jiki, kabewa da alayyafo da manja suna da sinadarin bitamin A mai taimakon ido. Wanda ya ci wannan da hantsi ba zai nemi komai ba sai bayan Azahar, kin ga an haɗe kalaci da abincin rana a wuta ɗaya. Iyayenmu masu ciwon suga kuma a ɗebar musu ƙullu kafin a sa sukari, su ci kaɗan, miya ta fi yawa, su kuma bi abin da likita ya ce musu.

Wata za ta ce, Hajiya, aikin nan ya yi yawa ga mutum ɗaya. Gaskiya ne, kuma ba a ce ki yi ke kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ta tsince shinkafa, wancan ya kai markaɗe, wata ta gyara ganye, maigida ya biyo da kabewa daga 'Yankaba ko kasuwar unguwa. 'Yarki mai shekara goma sha biyu ta zauna kusa da ke, ki ba ta cokali ta juya gurbi ɗaya. Za ta fasa ta farko da ta biyu, ta uku za ta fito. Mu nawa ne a nan muka aurar da yarinya, sai bayan biki ta riƙa bugo waya tana tambayar yadda ake haɗa ƙullu? Laifin ba nata ba ne, ba a zaunar da ita gaban tanda ba. Samarin ma su koya, ba abin kunya ba ne, wata rana karatu ko aiki zai kai su inda babu Umma.

Kuma ku tuna waina sana'a ce. Mutanen Bauchi sun yi suna da masa har ana yi musu kirari da ita. Biki, suna, walima, sallah, buɗa-baki, duk ana neman mai waina, kuma wadda hannunta ya faɗa ba ta rasa oda. A cikinmu akwai waɗanda da tanda suke zubin adashinsu, suke biyan kuɗin makarantar yara. Ba wadda ta fara da odar biki. A tsakar gida aka fara, da bakin 'yan gida aka gyara hannu.

Saboda haka ina da roƙo biyu ga shugabanni. Na farko, in kaka ta yi, lokacin da shinkafa da gyaɗa suke sauƙi, ƙungiya ta duba yiwuwar sayen buhu a Dawanau ko wajen manoma kai tsaye, a raba wa mambobi a kan farashin sari, maimakon kowa ta riƙa awon gwangwani a shago. Na biyu, a ware rana ɗaya a kawo tanda nan, iyayenmu da suka iya ta gero da ta masara da haɗin da ba yis su nuna wa matasanmu da hannu. Abin da na faɗa yau a baki ne, kuma girki ba ya shiga sai an taɓa.

Ku kuma 'yan'uwana, Juma'a mai zuwa da hantsi a tuna a jiƙa shinkafa. Wadda tata ta yi kyau ta aiko wa maƙwabciya, wadda tata ta ƙi ta zo mu duba inda aka samu matsala.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke ci, ya shirya mana zuri'a, ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya, ya kai mu ta baɗi da rai da lafiya.