Shinge Mai Rai: Dasa Shi da Renonsa a Ƙasar Kafin Hausa



Watakila wani zai yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da maganar shinge, tun da yake ga malaman gona ga kuma na gandun daji. Amsar ita ce, harshe rumbu ne, a cikinsa al'umma take ajiye abin da ta sani. Idan muka buɗe rumbun Hausa za mu tarar kakanninmu sun san ilmin shinge tun da daɗewa. Nufina a yau shi ne in nuna cewa wannan ilmi yana da amfani har gobe, sa'an nan in bayyana yadda ake dasa shinge ya kama, ya yi kyau, ya zauna kore har cikin rani.

Abin da Harshe Ya Ajiye

Mu fara da sunan garin kansa. Kalmar kafi tana nufin kariyar itatuwa da ake kakkafawa a kewaye gari don tsaro, a inda ba a gina ganuwa ba. Ita ce a cikin Kafin Hausa ta masarautar Haɗeja, da Kafin Madaki ta ƙasar Bauci, da Kafin Soli ta ƙasar Katsina. Ban da kafi akwai danga ko darni, wanda ake yi da karan dawa, akwai zana, wadda ake saƙawa da gamba, akwai kuma shinge, wanda kan kasance na ƙaya ko na tsiro mai rai. Daɗin daɗawa akwai burtali, watau hanyar shanu da ke ratsa gonaki, shinge dama shinge hagu. Al'ummar da ta ware kalmomi haka ba baƙuwa ba ce a wannan sha'ani.

Danga kowace shekara sai an sake ta, gara ta ci, iska ta kwantar, ga haɗarin gobara. Hausawa na cewa iska na wahalar da mai kayan kara. Katangar bulo kuwa sai mai hali. Shinge mai rai kaɗai ne kullum ƙara ƙarfi yake yi, yana tare iska da dabba, yana kuma tsaida iyaka. Duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya san yawan shari'un da ke tasowa daga iyakar gona da ɓarnar dabbobi. Iyakar da aka shata da gamba ana iya matsar da ita cikin dare, amma wadda saiwa ta riƙe shekara ashirin shaida ce da ba ta karɓar toshiya.

Darasin Fari

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, sun nuna wa mutanen arewacin ƙasar nan abin da iska ke yi wa ƙasar da ba ta da sutura. A Jamhuriyar Nijar, a kwarin Majiya ta jihar Tawa, an fara dasa layukan darbejiya don tare iska a shekarar 1975, manoma kuma suka ga bambanci a amfanin geronsu. Ita darbejiyar nan, wadda wasu ke kira dogonyaro ko maina, baƙuwa ce daga ƙasar Indiya. A 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno, ga shi yau ta zama 'yar gida. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa babbar ganuwar itatuwa a bakin hamada, Jigawa kuwa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. Amma fa ganuwar hukuma ba za ta kewaye makarantar ƙauye ko lambun talaka ba. Wannan aikin mai wuri ne.

Zaɓen Itace

Ƙasar Kafin Hausa iri biyu ce. Akwai jigawa, ƙasa mai yashi wadda ba ta riƙe ruwa, wadda ma daga gare ta jihar ta sami sunanta a 1991. Akwai kuma fadama mai laka, inda Kogin Haɗeja da rassansa ke malala da damina. Kuskuren farko shi ne a kai itacen wannan wurin wancan.

A jigawa, aguwa da dashi da cini-da-zugu su ne tsofaffin abokan manomi. Suna jure ƙishirwa, akuya kuma ba ta cin aguwa da cini-da-zugu. Aibinsu ɗaya: da rani sukan zubar da ganye su bar sanduna tsirara. Har ila yau 'ya'yan cini-da-zugu guba ne, saboda haka kada a dasa shi a makarantar ƙananan yara. Darbejiya ita ce mai riƙe ganyenta kusan shekara duka, idan kuma ana aske ta takan yi duhu kamar bango. Sai dai ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta. Ambaliya irin ta 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje a wannan yanki, ta isa ta zama gargaɗi ga mai son kai ta kwari. A fadama bagaruwa ce ta dace, domin tana jure kwanciyar ruwa, ga ƙaya, ga furanni rawaya, ga 'ya'ya da majema ke saye. Lalle kuwa yana ba da fure mai ƙanshi da ganyen da kasuwarsa ba ta mutuwa, muddin yana samun ɗan ruwa da rani.

Ke nan babu itace guda da ya tara kore da launi da ƙaya gaba ɗaya. Dabara ita ce a yi layi biyu: na waje mai ƙaya ko wanda dabba ba ta ci, na ciki mai ganye da fure.

Hanyoyin Dasawa

Hanya ta farko ita ce kafa reshe. Aguwa da dashi da cini-da-zugu ana sarar rassansu tsawon kamu ɗaya ko biyu, a ajiye a inuwa 'yan kwanaki bakin saran ya bushe, sa'an nan a kafa da bazara, kafin ruwa ya sauka. Wanda ya jira har damina ta yi tsaka, ruɓewa za su yi masa.

Hanya ta biyu ita ce dashen da saiwarsa take tsirara, watau wanda aka tumɓuke daga wurin reno ba tare da ƙasa ko leda ba. Ma'aikatan gandun daji sun daɗe suna dasa darbejiya ta wannan hanya. Amfaninta shi ne sauƙi, domin mutum ɗaya zai ɗauki dashe ɗari a kan keke. Haɗarinta shi ne saiwa ba ta yafe wa rana da iska. Ga ƙa'idojin da ya kamata a kiyaye:

Na ɗaya, a shuka iri da wuri. Irin darbejiya cikin 'yan makonni yake mutuwa, saboda haka sabo ake shukawa. A reni tsiron kamar shekara guda, har ya kai kaurin ɗan yatsa.

Na biyu, a haƙa rami tun kafin a tumɓuke dashe. Dogon rami ya fi ramuka ɗai-ɗai, zurfinsa kamar kamu guda, a cakuɗa ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Na uku, a jira ruwa ya zauna, galibi cikin watan Yuli. Daminarmu wata uku ce zuwa huɗu, wanda ya makara har ƙarshen Agusta bai bar wa saiwa lokacin kama ƙasa ba.

Na huɗu, da an tumɓuke a zage ganyen, a rage kan, a datse saiwar da ta yi rauni da wuƙa mai kaifi, a tsoma saiwoyin cikin kwaɓaɓɓiyar laka, a naɗe da jiƙaƙƙen buhu. A dasa a ranar, da yamma ko kuwa ranar da gari ya yi lumshi.

Na biyar, tsakanin dashe da dashe kada ya wuce kamu ɗaya, na layi na biyu kuma ya faɗa daidai giɓin na farko. A binne shi iyakar inda ƙasa ta tsaya masa a wurin reno, a taka gindin da diddige, a ba shi ruwa nan take.

Reno

Dasawa aikin yini ɗaya ne, reno kuwa na shekara biyu. Maƙiyan sabon shinge uku ne: akuya, gara da ƙishirwa. Da an gama girbi aka saki dabbobi, dashen da ba a kange da ƙayar magarya ba ya zama kalacin akuya. Gara ana rage ta da tokar murhu da kawar da busassun kara daga gindin dashe. Ruwa kuwa, gara a ba shi da yawa sau ɗaya ko biyu a mako da a riƙa yayyafa masa kullum, domin yayyafi yana hana saiwa nitsawa. Ranin farko, musamman watannin Maris zuwa Mayu, shi ne jarrabawa. Wanda ya mutu a maye gurbinsa da damina mai zuwa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai aski. Mutane da yawa suna jin tausayin datse kan dashe, sai ya miƙe sama ya bar ƙasa a buɗe, akuya ta wuce ta ƙarƙashinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A datse kan tun yana kai gwiwa domin ya yi rassa daga ƙasa, a kuma bar gindin ya fi saman faɗi, don rana ta sami ganyen ƙasa.

Kammalawa

Kirana na ƙarshe ga ma'aikata ne. Sau da yawa ana bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto, a watse, kafin rani ya ƙare ba sauran ko ɗaya. Sau da yawa kuma shugaban makaranta ko na asibiti yakan ƙi dasawa, wai don za a canja masa wurin aiki kafin shingen ya girma. Ina ba da shawara a sa kuɗin ban ruwa da na kangewa cikin kasafi tun ranar da aka sa na dashe, a kuma rubuta shinge cikin takardar miƙa aiki kamar yadda ake rubuta kujeru. Ku kuma ɗalibai, idan kun koma gida hutu, ku zauna da tsofaffin Bulangu da Auyo da sauran garuruwanku, ku rubuta sunayen itatuwan shinge da lokacin kafa kowanne, tun masu sanin suna raye.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.